Jirgin da ke koyi da shirwa

A Bilbis da kewaye duk mun san yadda shirwa ke shawagi da tsakar rana ba ta kaɗa fiffike. Sirrin shi ne, idan rana ta gasa ƙasa ko dutse irin na Kwatarkwashi, iskar da ke kansa takan yi zafi, ta yi sauƙi, ta tashi sama. Shirwa sai ta shiga cikinta tana kewayawa, iskar na ɗaga ta.

Da irin wannan dabara ake tuƙa jirgin sama marar inji, mai dogayen fikafikai. Cikin gwanayensa akwai Klaus Ohlmann, Bajamushe, likitan haƙori. Ranar 21 ga Janairu, 2003, ya yi tafiyar kilomita 3,008 a ƙasar Ajantina, ya kafa tarihin duniya. Wato kusan ninki uku na tafiyar Gusau zuwa Legas ke nan, a tashi ɗaya. Iskar da ta ɗauke shi ita ce wadda ke bugun tsaunukan Andes ta yi toroƙo sama kamar igiyar ruwa. Da ya kasa karanta gajimare da alkiblar iska, da dole ya sauka a hanya.

Ilimin nan yana cikin fiziks da labarin ƙasa, darussan da da yawanmu ke gudu. Mai sha'awar tuƙin jirgi, ga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama a Zariya, wadda aka kafa a 1964. Amma sai da kyakkyawan sakamako a lissafi da fiziks ake shiga. Mu dage tun yanzu.