Iju Na Kusa, Ruwa Na Nesa

Tun 1915, zamanin Gwamna Lugga, aka buɗe matatar ruwa ta Iju, ga ta can bayan Agege. A 1977 aka ƙara ta Isashi, daga baya kuma ta Adiyan. Amma tsarin ruwa da Jihar Ikko ta fitar a 2010 ya nuna cewa matatunta duka ba su wuce galan miliyan 210 a yini ba, alhali kuwa bukatar gari ta kai miliyan 540. Wannan laifin hukuma ne, babu mai wanke ta.

To, sai dai akwai wata magana da ta zama ruwan dare a Zangon Agege da Ilupeju da Idi-Araba, wai tunda gwamnati ta gaza, tsimin ruwa wahalar banza ce. Wannan magana ta malalata ce. Ruwan da ake zubarwa a zango ba daga aljihun gwamna yake fita ba. Ɗan garuwa ne ya turo shi a kura, jarka goma ko fiye, tun asuba, kuma galibi ɗan Arewa ne. Duk jarkar da aka ɓarnatar tana ƙara wa maƙwabci tsada, kuma mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya shida shi ke fara jin jiki.

Abin takaici ma a bakin masallaci yake. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu guda yake alwala, wanda bai cika lita ɗaya ba. Yau sai a ga ƙato ya buɗe famfo yana hira, ruwa na kwarara har ya gama wanke ƙafa, ga kuwa buta a gefensa. Mutumin da ya tashi a ƙauyen da ake jan guga gaba ashirin, ya zo Kurmi ya ga damina mai tsawo, sai ya manta. Ruwan saman nan da ke cika kwata, randa da duro nawa aka tara a ƙarƙashin indararo? Ruwan ɗauraya ya isa shara da zuba wa masai. Mai wankin babur bokiti ya ishe shi.

Masu cewa a haƙa burtsatse a huta su tuna cewa a gidajen haya rijiya da shadda kusan bango ɗaya ke raba su. Annobar amai da gudawa ta Yunin 2024 ta kashe mutane a Ikko, kuma gidan da ruwan kirki ya ƙare shi ke komawa ga gurɓatacce.

Ya kamata sarakunan Hausawa da limamai su sa butoci a madadin famfo sake, su naɗa wanda zai kai rahoton bututun da ya fashe, sannan su ɗunguma zuwa Hukumar Ruwa da ke Ijora su tambayi ranar da ruwan Iju zai iso zango.