Mu nemi mai gyaran famfo tun kafin bututu ya fashe

Ya Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin magidanta. Daren wata Juma'a bututun tankinmu ya fashe, ruwa ya malale tsakar gida har ɗakin mahaifiyata. Wanda muka kira cikin gaggawa ya ɗaure wurin da robar taya, ya karɓi kuɗi, bayan kwana 3 bututun ya sake ɓallewa. Wani dattijon unguwarmu ne ya gano cewa rana ce ta gasa bututun roba har ya tsage. Ya binne sabo a ƙasa, ya nuna mini makullin da ke tsayar da ruwan gidan duka.

Don Allah, ku nemi amintaccen mai gyaran famfo a unguwarku tun ana lafiya, ku ajiye lambarsa.

Naka,
Mai karatu daga Kano