Allon Gure ya koyi harshen mutanen Gure

Duk wanda ya hau mota a tasha ya ce za shi Damagaram, ba a tambayarsa ina ne. Amma allon bakin hanya Zinder kaɗai ya sani. In matafiyi ya miƙa gabas bisa hanyar ƙasa mai lamba 1, sai ya iske Guidiguir da Gouré, sunayen ƙasa cikin rigar Faransanci. Yaron da malami ya koya wa karatu da harshen uwa zai tsaya gaban allon garinsu yana lalube kamar baƙo.

Gure ba jiya aka kafa ta ba. A 1852 Bature Heinrich Barth ya sauka a nan, ya tarar da fadar Muniyoma Koso, shekaru da dama kafin sojan Faransa su iso. Sunan ya girmi harufan da aka ɗaura masa.

Masu cewa a kankare tsohon rubutu sun yi gaggawa. Takardar haihuwa, taswira da takardar fili duk da shi aka yi su, kuma talaka ne zai sha wahalar gyara. Masu cewa ɓarnar fenti ce, su kuma, sun raina abin da suna ke ɗauke da shi. A Ostareliya, tun 1993 babban dutsen nan yake amsa suna biyu, Uluru na ƴan asalin ƙasa da Ayers Rock na Turawa. A 2002 aka sa Uluru gaba. Dutse bai tsage ba.

A watan Oktoban 2024 Yamai ta sauya titin Charles de Gaulle zuwa Djibo Bakary, a 2025 kuma aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To, a nan ne tarkon yake. Muniyo ƙasar Mangawa ce. In Hausa ta hau allo ta danne sunan Barebari na tudu, kwari ko rijiya, ta maimaita laifin da ake kuka da shi.

Aikin na malamai ne da ƙungiyoyin al'adu: su zauna gaban dattawa, su rubuta kowane suna yadda masu wurin ke furta shi, su kai wa magajin gari. Allo ya ɗauki biyu, na gida a sama. Dattijon da ya san sunan rijiyar ba zai jira fenti ya bushe ba.