Zuwa ga masu rubuta tarihin mutane: ku sauka a tashar Gaya



Mun rubuta tarihin sarakuna da malamai da attajirai har alƙalami ya gaji. Amma mutumin da ke shimfiɗa kwali a rumfar kasuwar Gaya bayan an watse, ya ta da kai da takalminsa gudun ɓarawo, ko sunan garinsu ba mu taɓa tambaya ba.

Gaya garin wucewa ne: ga gadar Malanbil, ga hanyar Kamba, ga ta Dosso. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, manyan motocin da suka taso daga Kwatano suka yi cirko-cirko a ƙetaren kogi, yaran mota suna kwana ƙarƙashin tirela, 'yan dako suka koma bakin ruwa lodin kwale-kwale. A irin wannan gari, baƙon dare ɗaya kan shekara. Guzuri ya ƙare, kunya ta hana shi komawa gida hannu rabbana.

To, in za ku rubuta shi, ku bi sawunsa da baya. Ba a tasha aka haife shi ba. Akwai ɗakin da aka yanke masa cibiya, akwai wadda ta goya shi, akwai ranar da ya fita bai dawo ba. Alexander Masters na Ingila ya yi haka a littafinsa na 2005 kan Stuart Shorter, mai kwana a titunan Kambirij. Stuart ɗin da kansa ya karanta rubutun farko, ya kushe shi, ya ce a faro daga yau a gangara zuwa yarinta. Ya rasu a 2002, bai ga littafin ba. Mu ma muna da gado: tun 1885 wani Bature mai suna Schön ya buga labarin Dorugu, yaron da aka kama bawa daga ƙasar Damagaram, ya bi wani Bature, Barth, har Landan, kuma da bakinsa ya faɗa.

Kada ku zuba kowa a kwando ɗaya. Almajiri yana da malam da zaure. Wanda ambaliya ta rushe wa ɗaki daban, wanda taɓin hankali ya kora daban.

Batun kuɗi kuwa sai a hankali. Saya wa mutumin shayi da burodi, i, domin mai yunwa ba ya hira. Amma da zarar ka fara miƙa jaka ɗaya kan kowane zama, zai fara ba ka labarin da ya ga kana so, kuma ban ga laifinsa ba. In ya sako Dandanci ko Zabarmanci cikin maganarsa, bar masa abinsa, kada ka wanke ta ta koma Hausar Kano. Kada ka ɗauke shi hoto yana barci.

In ka gama, koma wajensa, ka karanta masa da babbar murya. In ya ce a cire sunan mahaifiyarsa ko na ƙauyensu, cire.