Yaron Da Ke Yawan Murza Ido, A Kai Shi Ga Likita Kafin A Ɗaga Masa Bulala



Aikina a ƙofar dattijon unguwarmu rubutu ne: takardun gayyata, na sulhu, na ta'aziyya, da na neman gudummawa idan larura ta fi ƙarfin gida ɗaya. Cikinsu babu wadda ta yi mini nauyi kamar wadda na rubuta saboda ɗan ƙanwata, saurayi ɗan shekara 19, da likita ya ce sai an yi masa aiki a ido. Abin da ya sa ta yi nauyi shi ne, ni kaina ina cikin waɗanda suka yi shekaru suna kiransa malalaci.

Tun yana ɗan shekara 12 yake kanne ido idan zai karanta allo, ya kusanto da shi har ya kusa taɓa hanci. Idanunsa kullum cikin ƙaiƙayi, yana murza su da bayan hannu, musamman da hunturu idan ƙura ta taso. A makarantar allo ya sha bulala, a ta boko aka ce ba ya mai da hankali. Muka saya masa tabarau, bayan 'yan watanni ya ce ba ya gani da shi. Muka canza, ya sake faɗin haka, sai muka yanke masa hukuncin raki. Ashe ciwo ne mai suna, likitoci na kiransa keratokonas.

A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai mai ɗan lanƙwasa kamar gilashin agogo, wanda ake kira koniya. Kaurinsa kusan rabin milimita ne, amma shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara hasken da ke shiga ido. A wannan ciwo tantanin yakan sirance, ya turo gaba kamar tsinin malfa. Daga nan haske ya riƙa watsewa: fitila ɗaya ta zama biyu ko uku masu jela, harafi ya yi inuwa. Yakan fara ne a shekarun balaga, ya ci gaba har mutum ya haura shekara 30, kuma galibi yana kama ido biyu, ɗaya ya fi ɗaya. Da yake siffar tantanin tana ta canzawa, tabaraun bara ba ya aiki bana. Akwai gado a cikinsa, kuma likitocin ido sun daɗe da lura cewa yawan murza ido da ƙarfi yana tsananta shi.

A nan laifinmu ya fara. Yaro ba ya murza ido don jin daɗi, ƙaiƙayi ne ke sa shi, kuma ƙaiƙayin yana da magani a asibiti. Mu kuwa sai mu tsawata masa, ko mu ɗiga masa ruwan ganye, ko mu karɓo a kemis wani maganin ɗigawa da ke kwantar da ja nan take. Da yawa daga irin wannan magani na ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda in aka daɗe ana amfani da shi ba da kulawar likita ba yana jawo hawan jinin ido da yana.

Jinkiri kuma yana da tsada. Likitoci a birnin Dresden na Jamus sun fito da wata hanya, suka wallafa sakamakonta a 2003: a ɗiga bitamin B2 a tantanin, a haska masa hasken ultrabayolet, sai ya yi ƙwari ya daina turowa. Ba ta mayar da ganin da ya riga ya tafi, tana tsayar da ciwon ne inda ta same shi, kuma tana buƙatar tantanin bai sirance ƙwarai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da mun kai yaronmu yana ɗan shekara 13, da wataƙila abin ya tsaya nan.

Shi sai da aka dasa masa zobe. Waɗansu siraran baka ne na roba mai garai-garai, da ake zura su cikin naman tantanin domin su danne tsinin ya ɗan baje. An ɗiga masa maganin kashe zafi, yana farke aka yi, aikin bai ɗauki lokaci mai tsawo ba. Wanda ciwonsa ya wuce nan, tantanin ya yi tabo, sai dashen koniyar wani mutum da ya rasu, aikin da Eduard Zirm ya fara cin nasararsa tun 1905, wanda jinyarsa kan kai shekara ko fiye.

Waɗansu dattawanmu sun ce ido ba a sa masa wuƙa. Ban raina tsoronsu ba, domin sun ga mutanen da masu aikin yana na gargajiya suka makantar. Kuma gaskiya ne kowane aiki yana da haɗari: zoben na iya gocewa, ƙwayar cuta na iya shiga, wani lokaci sai an cire shi. Amma barin yaro haka nan ma zaɓi ne, kuma sakamakonsa shi ne ya bar karatu da sana'a yana da ƙuruciyarsa. Addininmu ya kwaɗaitar da neman magani, a tambayi masana a kan abin da suka sani.

Jinyar ta koya mana wani darasin. Kwanakin farko ido na hawaye, yana jin kamar an zuba masa yashi. Da dare sai an rufe idon da murfi don kada ya murza cikin barci, ga magungunan ɗigawa a kan lokaci, ga hana ruwa shiga idon. A kan alwala malamai suka nuna masa sauƙin da shari'a ta tanadar wa marar lafiya. Ganin kuma yau ya gyaru gobe ya dushe, haka har watanni kafin ya daidaita. Masu zuwa dubiya sai su ɗaga masa yatsu su ce, “Nawa ne nan?” In ya yi kuskure a ce, “To ina amfanin kuɗin da aka tara?” Wata rana na tarar da shi yana kuka, ya ce mini, “Kawu, ji nake kamar na ci amanar jama'a.” Zoben ba ya warkar da ciwon, gyara siffar tantanin yake yi domin tabarau ko gilashin da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido su sake yin amfani. Mai dubiya ya yi addu'a, ya rage tambaya.

Roƙona ga jama'a uku ne. Malaman allo da na boko, idan kun ga yaro yana kanne ido yana murzawa, ku aika wa iyayensa kafin ku hukunta shi. Iyaye, idan tabarau ya daina aiki sau biyu a ɗan lokaci, ku nemi likitan ido ku tambaye shi gwajin da ke auna siffar tantanin, kuma in an samu ciwon a ɗa ɗaya a duba 'yan uwansa. Shugabannin zango kuma, yadda muke tara kuɗin biki da na jana'iza cikin kwana ɗaya, mu ware wani abu domin gwajin idon yaranmu.

Yau ɗan ƙanwata yana karanta Alƙur'ani da tabarau ba tare da ya kai shi hanci ba, kuma ya koma makaranta. Na nemi gafararsa, ya yafe mini. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana ganinmu. Amin.