Filazar Gilashi a Garin da Zafi Ke Haura 40

Tun daga Afrilun 2024, da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, maganar 'yan kasuwa a Kano ta koma ɗaya: wuta ta yi tsada, man janareta ya fi ƙarfin talaka. An ɗan sassauta daga baya, farashin ya sauko wajen naira 209, amma kukan bai ragu ba. Kukan nan gaskiya ne, kuma ina tare da masu yin sa. Sai dai akwai wanda ba a cika ambata ba a cikin wannan zance, alhali shi ne yake shanye mafi yawan kuɗin, wato ginin da muke kasuwanci a cikinsa.

A duba sababbin filazojin da suka tashi a titin Zoo da titin Murtala Mohammed da gefen Kantin Kwari a 'yan shekarun nan. Fuska duk gilashi, daga ƙasa har sama, ba baranda, ba rumfa, ba ko bishiya ɗaya a gaba. Da yawa sun fuskanci yamma, don can titi yake. Daga ƙarfe biyu na rana zuwa bayan la'asar, rana tana dukan gilashin nan kai tsaye, zafin ya shige ya rasa hanyar fita. A bene na ƙarshe kuma kwano ne tsirara sai silin ɗin roba a ƙarƙashinsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura maki 40, mai shagon da ke can sama zai kunna esi tun da safe, na'urar ba za ta huta ba har a tashi, kuma zufa ba za ta bar shi ba. Za ka ga ya liƙa kwali ko tsohuwar jarida a jikin gilashin da aka kashe miliyoyi aka sa don ado. Sanyaya irin wannan ɗaki ɗiban ruwa ne da kwando.

Mu yi ɗan lissafi. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin kusan yunit ɗaya a awa guda idan yana aiki ba hutu. Ofishin da ke da guda goma, suna aiki awa goma, ya ci yunit ɗari a yini. A farashin Band A na naira 209, kusan naira dubu 21 ke nan kullum, fiye da rabin miliyan a wata, ba a sa fitilu da firji da kwamfutoci ba, ba a kuma sa man janareta na awannin da aka ɗauke wuta ba.

To me ya sa ake ci gaba da irin wannan gini? Dalilin a fili yake. Wanda ya gina daban, wanda ke biyan kuɗin wuta daban. Mai gini yana son ya gama da araha, ginin ya yi sheƙi, ya karɓi hayar shekara biyu gaba ɗaya. Abin hana zafi da za a shimfiɗa ƙarƙashin kwano ba wanda zai gani, don haka ba zai ƙara masa ko kwabo a kuɗin haya ba, sai ya bar shi. Ɗan haya kuwa ba zai zuba kuɗinsa ya gyara rufin da ba nasa ba, musamman da yake bai san ko za a sabunta masa haya baɗi ba. A filazoji da dama ma mita ɗaya ce ga kowa, ana raba kuɗin wuta da na man janareta daidai a kan shaguna. Tela mai fanka ɗaya da keken ɗinki yana biyan abin da maƙwabcinsa mai esi biyu da firiza ke biya. A irin wannan tsari, wa zai damu ya kashe fitila idan zai tafi masallaci? Wanda ya yi tattali, wani ya tara wa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da ƙa'ida a rubuce. A 2017 Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, lokacin Babatunde Fashola yana minista, ta ƙaddamar da kundin tattalin makamashi a gine-gine, tare da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. Abin da ke ciki ba mai wuya ba ne: kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa, a sa abin hana zafi a rufi, a iyakance wutar da fitilu ke ci, a sa esi mai inbata. Amma amincewa da zanen gini aikin jihohi ne. Muddin jiha ba ta ɗauki kundin ta mai da shi sharaɗi ba, takarda ce kawai a cikin durowa.

Kuma ilimin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya shiga Gidan Makama da tsakar rana ya san yadda katanga mai kauri da ƙananan tagogi da rufi mai tsayi ke riƙe sanyi ba tare da waya ko ɗaya ba. Ba ina cewa a gina banki da tubali da azara ba. Ina cewa maginanmu na da sun san inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa kafin su haƙa harsashi. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou ta zana kasuwa da bulon ƙasa, ta kafa mata laimomin ƙarfe masu hawa-hawa da ke ba da inuwa suna barin iska ta ratsa. A Harare, ginin Eastgate da Mick Pearce ya zana, wanda aka buɗe a 1996, shaguna ne da ofisoshi, yana shan iskar dare mai sanyi ya adana ta a jikin kankare, da rana ya sake ta.

Wasu za su ce a sa sola kawai a huta. Sola alheri ce, kuma 'yan kasuwar Sabon Gari sun ga amfaninta tun 2018. Amma ginin da ke ɓarnar wuta zai buƙaci faranti da batura ninkin abin da ya kamata, kuma galibi da dala ake sayo su. A fara rage cin, sannan a auna solar da za ta isa.

Ga waɗanda ginin ya riga ya tsaya, akwai gyaran da ba ya buƙatar rushe komai. Farin fenti a kan kwano, rumfa a saman tagogin yamma, ƙwan LED mai wat 9 a madadin tsohon mai wat 60, da wanke matatar esi bayan ƙurar hunturu ta toshe ta. Sai kuma a daina ɗabi'ar nan ta sa esi a maki 16 mutum ya zauna da babbar riga. Indiya, wadda zafinta bai gaza namu ba, ta wajabta tun Janairun 2020 cewa duk sabon esi ya fito daga kamfani a saite a kan maki 24.

Amma babban aikin yana hannun gwamnatin jiha. Hukumar KNUPDA ita ke duba zanen kowace filaza kafin a aza bulo. Ta ƙara tambaya uku a kan waɗanda take yi: ina tagogi suka fuskanta, me aka sa a ƙarƙashin rufi, kuma kowane shago yana da mitarsa? Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Singa da Farm Centre su ma suna da bakin magana, domin 'ya'yansu ne ke biya. Su nemi a raba mita shago-shago a filazojin da ake da su yanzu, su kuma sa mambobinsu su riƙa neman ganin takardar kuɗin wutar watan Afrilun bara kafin su biya hayar kowane sabon shago.