Ina Ruwan Kumfa Ke Zuwa Bayan An Kashe Gobara?

Duk lokacin da gobara ta tashi a garin nan, abu biyu jama'a ke tambaya: nawa aka yi hasara, kuma me ya hana 'yan kwana-kwana zuwa da wuri. Haka aka yi a watan Maris na 2021 sa'ad da wuta ta cinye ɗaruruwan shaguna a Babbar Kasuwar Katsina. Tambayoyin nan suna kan hanya. Amma akwai ta uku wadda ya kamata ma'aikatan gwamnati da ɗalibanmu su fara yi, watau ina ruwan da aka kashe wutar da shi yake tafiya, musamman idan wutar man fetur ce, wadda sai da kumfa ake shawo kanta.

Wutar kasuwa da ta gida da ruwa ake kashe su. Wutar fetur da kananzir da man jirgin sama kuwa ruwa kaɗai ba ya yi mata komai, don mai ya fi ruwa sauƙi, sai ya hau kansa ya bi shi yana ci. Saboda haka ne a shekarun 1960 masu bincike na rundunar sojan ruwa ta Amurka, tare da kamfanin 3M, suka haɗa wani ruwan magani wanda ake zuba kashi 3 ko 6 cikin 100 a ruwa, a fesa, ya zama kumfa mai shimfiɗuwa a kan mai, ta raba shi da iska. Bayan gobarar jirgin ruwan yaƙi Forrestal a 1967, wadda ta kashe mutum 134, sai rundunar ta rungumi wannan kumfa, daga nan ta bazu zuwa filayen jiragen sama da matatun mai da ma'ajiyoyin fetur na duniya. Babu mai musun amfaninta. Wanda ya tuna abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta fashe ta halaka fiye da mutum 150, ba zai ce a raba 'yan kwana-kwana da makamin kashe wutar mai ba, balle a Katsina da tankoki ke ratsawa dare da rana zuwa Jibiya da Daura da Dutsin-Ma.

Aibin kumfar yana cikin abin da ya ba ta ƙarfi. Ana haɗa ta da wasu sinadarai da masana ke kira PFAS a taƙaice, fitattu a cikinsu su ne PFOS da PFOA. Ginshiƙinsu ƙullin kabon ne da fulorin, ƙullin da ke cikin mafi ƙarfi da masana haɗa magunguna suka sani. Zafin rana ba ya kwance shi, ƙwayoyin da ke ruɓar da juji ba sa cin sa, shekaru ba sa tsufar da shi. Idan ya zuba a ƙasa sai ya bi ruwan sama ya nutse, ya tarar da ruwan da rijiyoyi ke ɗiba. Idan ya shiga jikin mutum sai ya zauna a jini da hanta, kafin rabinsa ya fita sai an yi shekaru. A ƙarshen 2023 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa PFOA a jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo wa ɗan Adam ciwon daji, ta sa PFOS a cikin waɗanda ake zargi. Bincike ya kuma nuna yaran da sinadarin ya yi yawa a jininsu, allurar riga-kafi ba ta kama su sosai kamar sauran yara. Jihar da ta sha wahalar yaƙi da shan-inna da ƙyanda bai kamata ta ji wannan ta wuce ba.

Don mai karatu ya gane ƙanƙantar abin da ke ɓata ruwa, a 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yanke cewa kada PFOS ko PFOA su wuce nanogiram 4 a litar ruwan sha. Idan aka buga lissafi, giram ɗaya tak ya isa ya kai lita miliyan 250 ga wannan iyaka, watau jarka miliyan 10 irin mai cin lita 25 da 'yan ga-ruwa ke turawa a kura. Tsohon ruwan kumfa kuwa akan sami giram da dama a cikin lita ɗaya tasa, duro ɗaya kuma lita 200 yake ci. Kuma abin ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Tafasa ruwa ba ta kashe shi, alif ba ya kwantar da shi, kulorin da Hukumar Ruwa ke zubawa ba ya taɓa shi.

Ƙasashen da suka riga mu gane haka ba da araha suka gane ba. A garin Ronneby na Suwidin an gano a 2013 cewa kumfar da sojan sama ke atisaye da ita ta shiga ruwan famfon jama'a, aka yi ta shari'a har 2023 kafin kotun ƙoli ta yarda cewa taruwar sinadarin a jinin mutanen lahani ne da za a iya neman diyya a kansa. A Ostireliya gwamnati ta yarda a 2020 ta biya mazauna garuruwa uku da ke maƙwabtaka da sansanonin soja dalar ƙasar fiye da miliyan 200. Wanda ya fi kusa da rayuwarmu shi ne na wani mai kiwon shanun madara a jihar Niyu Meziko ta Amurka, wanda rijiyoyinsa ke kusa da sansanin sojan sama na Cannon. Madararsa ta haramta ga kasuwa, nama ya haramta, a ƙarshe aka kashe shanu fiye da 3,000. A mafi yawan wuraren nan ba gobara ce ta yi ɓarnar ba, atisaye ne da gwajin motoci, ana fesawa a fili ɗaya shekara da shekaru, ana wanke tankuna ana sakin ruwan.

To, mu dubi garinmu. Muna da Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa inda alhazai ke tashi, kuma ƙa'idar zirga-zirgar jirage ta duniya ta wajabta wa kowane fili irinsa ya ajiye motocin kashe gobara da kumfa. Sojan sama suna da sansani. Gidajen mai sun cika kowace hanya. Ƙasarmu yashi ce, ruwa ba ya daɗewa a kanta. Ruwan Ajiwa bai wadaci birnin ba, shi ya sa unguwanni da yawa suka dogara da rijiyoyi da burtsatse. Ruwan lambatun cikin gari kuma yana gangarawa rafin Ginzo, inda masu lambu a wajejen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da shi, kayan da washegari suke kan teburin mai sayarwa. Duk abin da aka saki a kwata a garin nan, hanyarsa ta komowa cikin tukunya gajera ce ƙwarai.

Ra'ayina shi ne ruwan kumfa a tare shi a inda aka fesa shi, a kuma tace shi a nan, kada a sake shi, kada kuma a ɗora shi a mota da sunan za a kai wani wuri. Dalilin farko a fili yake. Ruwan da aka kashe wutar mai da shi yana da yawa, gubar da ke ciki kuwa kaɗan ce. A gobarar ma'ajiyar mai ta Buncefield a Ingila a watan Disamba na 2005, an yi amfani da lita miliyoyi na ruwa, aka tara gurɓataccen a manyan tankuna, hukumomi suka daɗe suna neman yadda za su yi da shi. Ingila ke nan. A nan kuwa, tankar da aka ce ta kai irin wannan ruwa wani gari mai nisa, kowa ya san akwai kududdufai da yawa tsakanin Katsina da inda aka aike ta, kuma takardar shaidar an kai ba ta da wuyar samu. Mun ga abin da ya faru a Koko a 1988, lokacin da aka jibge durorin guba daga Italiya a filin wani gida, abin da ya sa gwamnatin soja ta kafa Doka ta 42 a kan shara mai cutarwa, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. Shara mai guba, muddin ta hau hanya, mai ita ya ɓace.

Taron ruwan ba ya bukatar wata fasaha daga waje. Filin atisaye da wurin wanke motoci a yi musu daɓen kankare mai gangara zuwa rami guda da aka shimfiɗe da roba mai kauri, a kewaye shi da waya saboda yara da dabbobi. Motar kwana-kwana da za ta fita wutar tanka ta tafi da buhunan yashi da tamfol don toshe bakin kwalbati, ko da kuwa sai bayan an ceci rai za a waiwayi wannan, domin rai shi ne gaba. Ƙasar da kumfa ta jiƙa a kankare ta tun ba a yi ruwan sama ba. Irin wannan aiki an taɓa yin sa a maƙwabta: bayan gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, da fatanya da shebur aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, aka binne ta a ramukan da aka tanada, aka zuba sabuwa.

Tacewar ita ce ke son ilmi, amma ba ilmin da ya fi ƙarfin jami'o'inmu ba. Hanya mafi daɗewa ita ce a bi da ruwan ta cikin tukwanen ƙarfe cike da gawayin da aka sarrafa a masana'anta har ya yi ƙofofi ƙanana masu kama sinadarin. A lura, ba gawayin girki ake nufi ba, kuma idan ya ƙoshi sai a canza shi, in ba haka ba gubar ta wuce abinta. Akwai kuma wasu ƙwayoyin roba masu kama da gero da ke yin wannan aiki, sun ma fi gawayi kama ƙananan jinsin sinadarin. Hanyar da na fi ganin ta dace da mu ita ce wadda aka yi aiki da ita a sansanin Oakey na Ostireliya. Tun da halin sinadarin ne ya tsaya a tsakanin ruwa da iska, sai a hura iska daga gindin tanki, ya bi ƙwayoyin iskar ya taso sama ya zama kumfa, a yaɗe ta kamar yadda ake yaɗe man shanu. A maimaita sau biyu ko uku, ruwan tanka guda ya koma abin da bai cika jarka ba. Famfo da injin hura iska ne jarinta, kuma hasken rana zai iya tafiyar da su. Zafin bazararmu ma yana iya rage yawan ruwan da ke cikin ramin, sai dai a sani rana ruwa kawai take ɗauka, ta bar gubar a laka, lakar kuma idan aka bari ta bushe iskar hunturu za ta raba wa unguwa.

Abin da ya rage bayan tacewa, watau gawayin da ya ƙoshi da kaurin ruwan da aka yaɗe, shi ne kaɗai ya cancanci a rufe a duro, a rubuta lamba, a ajiye a ɗaki mai rufi har a sami inda za a hallaka shi. Hallaka shi sai da wuta mai zafin da ya haura digiri 1,100, irin wadda ake samu a tandun siminti, kuma ƙarƙashin idon hukuma. Kada wani ya ce zai tara shi a bayan gari ya zuba fetur ya kunna ashana. Ƙaramar wuta ba ta kwance ƙullin, hayaƙi kawai take mayar da shi.

Na san abin da za a ce. Za a ce jihar da ke fama da 'yan bindiga da amai da gudawa da ƙarancin ruwan famfo, ina ta ga kuɗin damuwa da gubar da sai da na'ura ake ganinta. Maganar tana da nauyi, kuma ba na goyon bayan a ba wani ɗan kwangila miliyoyi ya kawo injin da za a buɗe da biki a rufe bayan wata shida don babu kayan gyara. Amma mafi yawan abin da ake bukata umarni ne, ba kuɗi ba. A daina atisaye da kumfa mai fulorin, a yi da ruwa ko da kumfar koyo. A sa a cikin takardar kowace kwangilar saye cewa kumfa marar fulorin ake so, irin wadda manyan filayen jiragen sama na Ostireliya da filin Heathrow na Landan suka koma amfani da ita shekaru da suka wuce. Wannan ma ba alfarma ba ce. Nijeriya ta tabbatar da Yarjejeniyar Stockholm a 2004, an sa PFOS a cikinta a 2009, PFOA a 2019, kuma sharuɗɗanta sun hana atisaye da irin wannan kumfa, sun hana gwaji da ita sai inda za a tare duk abin da ya zuba. Akwai wani haɗari kuma: yayin da ƙasashen Turai da Amurka ke fitar da tsohuwar kumfa daga rumbunansu, mai sayen kaya da araha, ko mai karɓar kyauta da godiya, shi ne zai wayi gari da ita a sito.

Saura maganar duro. Duk wanda ya san kasuwanninmu ya san babu duron roba da ke zama banza. Mai shuɗin nan da aka juye ruwan kumfa daga cikinsa, gobe yana tsakar gida an tara ruwan sha, ko yana shagon mai kunun zaƙi, ko an zuba wake a ciki don gudun ƙwari. Wankewa da omo ba ta fitar da sinadarin daga jikin roba. Hukumar Kare Muhalli ta Jiha da ofishin NESREA da hukumar kashe gobara su zauna su ƙirga ruwan kumfar da ke ajiye a filin jirgi da barikoki da tashoshin kwana-kwana da manyan gidajen mai, su rubuta sunan kowanne da shekarar da aka yi shi, duron da ya ƙare kuma a huda gindinsa kafin ya fita ƙofa. Sashen kimiyyar haɗa magunguna na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman suna da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. A ba su aikin ɗibar ruwan rijiyoyin da ke kewaye da filin jirgi da na bakin Ginzo, sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan damina ta sauka, a aika inda ake da na'urar aunawa, sakamakon kuma a buga shi a wannan jarida.